Da wa ake yaƙi a Mallawa da har zaɓen magajin gari ya gagara?

Maganar yau ba ta da zaƙi, kuma na san kafin a kai rabinta wani zai ce an saye ni. Babu laifi. A dai saurara har ƙarshe, in ya so sai a faɗi nawa aka saye ni da wanda ya biya.

Ranar 4 ga Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, da na birane, da na jihohi, a duk faɗin Nijar. Konseyen da muka bi layi cikin hunturu muka jefa wa ƙuri'a ranar 13 ga Disamban 2020, da magadan garin da suka zaɓa a tsakaninsu, takarda guda daga Yamai ta sallame su baki ɗaya, aka turo kantomomi, da yawansu masu kaki. Shekara guda bayan nan, ranar 26 ga Maris 2025, aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani kan wa'adin wata 60 wanda ake iya ƙarawa in hali ya yi, aka kuma soke jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. Hujjar da ake ba mu ba ta canzawa: ƙasa na cikin yaƙi, maƙiya na waje sun sa mu gaba, ƴan siyasa sun ci amana, zaɓe kuma ba ya cika ciki.

Ni yau ban zo jayayya kan kujerar Yamai ba. Wannan faɗan yana da masu shi, kuma sun fi ni baki. Tambayata ƙarama ce, ta ƙauye: me ya hana mutumin Mallawa ya zaɓi wanda zai riƙe masa kuɗin kasuwarsa?

Mu fara da yaƙin, don kada a ce mun raina jinin da ake zubarwa. Yaƙin gaskiya ne. Sojoji 71 suka kwanta dama a Inates a Disamban 2019, wasu 89 a Shinagodar wata guda bayan haka. A Maris 2025 an kashe masallata 44 a Fambita, ranar Juma'a, cikin watan azumi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare ƴaƴanmu da ke bakin daga. Amma jama'a, a ɗauko taswira mana. Waɗannan wurare duka a jihar Tillaberi suke, can yamma, kuma daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a Diffa tun 2015, da wadda aka shimfiɗa a sassan Tillaberi da Tawa daga 2017, ba ta hana mu noma ba, ba ta hana biki da suna ba, ba ta hana mu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba. Ana tara dubban mutane a filin kokowa, ana tara su a gangamin goyon baya. In gangami bai gagara ba, yaya layin zaɓe a farfajiyar lakwal zai gagara?

Kuma ai an taɓa yin zaɓe cikin wuta. A 2016 an jefa ƙuri'a a Diffa, Boko Haram na bakin Komadugu. Ranar 21 ga Fabrairun 2021 motar ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI ta taka nakiya a yankin Dargol, mutum 7 suka rasu, zaɓen bai tsaya ba. Maƙwabtanmu na Najeriya a 2015 sun ɗage nasu da mako shida saboda Boko Haram, suka yi shi ranar 28 ga Maris, shugaba mai ci ya faɗi, ya ɗaga waya ya taya abokin hamayyarsa murna. Masu son kawo misali na waje sukan ce ai Yukiren ma ta fasa zaɓen shugaban ƙasa a 2024. Haka ne, ta fasa. To ƙasa ce da makamai masu linzami ke faɗa wa babban birninta, miliyoyin mutanenta sun tsere waje, wani yanki nata na hannun Rasha. Duk da haka majalisar dokokinsu tana nan tana zama. Wanda zai ara mana rigar Yukiren ya fara auna ta da jikinmu tukuna.

Kada kuma ƴan siyasa su gyara zama su ɗauka lauyansu ne ya tashi. Su ne suka tsaga bangon da ƙadangare ya samu wurin shiga. A Maris 1993 ɗan Damagaram, Mahaman Usman, ya ci zaɓe, aka yi ta kiran canji kamar aljanna ta sauko. Abin da ya biyo baya har suna gare shi a bakin jama'a, wasoso. A 1995 shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadu ba sa ga maciji, gwamnati ta tsaya cik, sai Bare Mainasara ya ƙwace mulki ranar 27 ga Janairun 1996, shi ma da zaɓen Yuli ya zo, ana tsakiyar ƙirga ƙuri'a ya rusa hukumar zaɓen. Tanja, Allah ya jiƙan shi, da dukan farin jinin da yake da shi a ƙauye, ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce, kuma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, a jiharmu aka fara kaɗa gangar tazarcen nan a 2008. A 2016 babban abokin takarar Isufu Mahamadu daga gidan kason Filinge ya yi takara. A 2020 binciken ma'aikatar tsaro ya yi maganar miliyar 76 na sefa da suka zurare a sayen makamai, alhali ana binne sojojin Shinagodar. A Fabrairun 2021 da aka ce Bazum ya samu kashi 55 da ɗoriya, Mahaman Usman ya ce bai yarda ba, sai aka yanke intanet ɗin waya kusan kwana goma.

Zaɓen ƙananan hukumomin da nake kuka a kai ma, su suka fara wulaƙanta shi. Sai a Yulin 2004 aka fara samun zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi 265. Waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 kan wa'adin shekara biyar, an yi ta ƙara musu wa'adi, yau a ɗage gobe a ɗage, har Disamban 2020. Kusan shekara goma ke nan, a ƙarƙashin gwamnatin da ke kiran kanta ta dimokuraɗiyya. Mu ma talakawa muna da namu kason laifin. Turmin atamfa, sabulu, buhun sukari na rabawa, jika biyu a tafin hannu daren zaɓe: an bayar, an kuma karɓa. Don haka wanda ya fita ya yi rawa a ƙarshen Yulin 2023 ba mahaukaci ba ne, jiki magayi.

To amma a duba wa aka yanka a madadin wa. Masu miliyar suna da lauyoyi, suna da gidaje a waje. Wanda takardar 4 ga Afrilu ta kora shi ne konseye mai tsohon babur, wanda ka san gidan ubansa, ka san gonarsa, kana iya tare shi bayan sallar Juma'a ka riƙe masa hannun riga ka ce, Malam, ina maganar rijiyarmu? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wasu na ganin ofishin magajin gari ba komai ba ne. Yo ina talaka yake haɗuwa da gwamnati in ba can ba? Can ake yankan takardar haihuwa, wadda in yaro ba shi da ita jarrabawa ke gagararsa. Can kuɗin lanho ke shiga, da kuɗin tikitin kasuwa, da na turken dabbobi, da na tasha. Can ake zama a ce wane ƙauye za a gina wa aji bana, wane zai ci gaba da karatu a rumfar kara, wane famfo za a gyara. Kwamitin kula da filaye na ƙaramar hukuma, wanda ke shiga tsakanin manomi da makiyayi in an cinye burtali, can yake. In an kawo hatsin rahusa ko na agaji, jerin sunayen ta nan yake bi. Ƙidayar 2012 ta nuna Magarya da Dungas a haɗe sun haura mutum dubu 900, yau kuwa mun wuce haka nesa. Wannan taron jama'a duka, ba mai riƙe musu waɗannan al'amura da suka sa hannu wajen ɗora shi.

Ban ce kantoma mugu ba ne. Wani kantoman yana iya fin magajin garin da ya gada tsare amana da zafin aiki, kuma inda aka ga haka a faɗa. Matsalar ita ce ina fuskarsa take kallo. Wanda takarda ta kawo, takarda yake tsoro. In ya yi daidai sa'armu ce, in ya karkace ba mu da igiyar ja, sai dai mu yi addu'a a canza shi, kuma ranar da za a canza shi ma a rediyo za mu ji. Magajin gari ko ɓarawo ne ya san akwai ranar da zai dawo yana durƙusa wa tsofaffi a ƙofar gida yana neman ƙuri'a. Wannan durƙuson da muke yi wa dariya, shi ne ɗan abin da talaka ke da shi a hannu.

Yanzu mu zo kan ɗaya hujjar, wadda masu boko suka fi so, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Suna cewa zamanin nan na ƙarya ne, manyan ƙasashe na faɗa da juna ta cikin wayoyinmu, mutanen ƙauye ba su yi karatu ba, duk abin da aka turo musu sai su haɗiye, saboda haka in an yi zaɓe yanzu maƙiya ne za su juya shi.

Rabin farko na maganar gaskiya ne, har ma ya fi yadda suke faɗa. A tsakiyar Disamban 2020, tsakanin zaɓenmu na ƙananan hukumomi da na shugaban ƙasa, kamfanin Facebook ya sanar da rufe gungun shafukan bogi guda uku da ke aiki a kan Afirka. Ɗaya yana da alaƙa da wasu mutane na kusa da rundunar sojan Faransa, biyu daga Rasha. Nijar na cikin ƙasashen da aka ambata. Abin dariya, shafukan nan suna shiga ƙarƙashin rubutun juna, kowa na kiran ɗan'uwansa maƙaryaci, kuma dukansu sanye da sunaye da hotunan ƴan Afirka. Ka ga ke nan wanda kake yi wa tafi a matsayin ɗan kishin ƙasa, da wanda kake zagi a matsayin karen Turawa, yana yiwuwa ba wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar ƙasar nan a cikinsu. A 2025 kuma aka shiga zamanin bidiyon da kwamfuta ke ƙerawa: an ga mawaƙin Amurka R. Kelly yana rera yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, alhali mutumin yana kurkuku a ƙasarsu, an ga sabon Fafaroma yana yi masa jawabi har sai da fadar Vatikan ta fito ta ƙaryata. Samarinmu sun tura waɗannan a fada, ana shan shayi ana kabbara.

Mu a nan, ma, ba bidiyo ne babban makami ba, vokal ne, saƙon murya. Kun san shi sarai. Murya ce ba suna, ba gari, ba rana. Takan fara da sallama mai tsawo da rantsuwa, sannan ta ce wani ɗan'uwanta soja ne ko babban ma'aikaci ne ya kira ta yanzu-yanzu, ta ƙare da cewa don Allah a tura wa kowa kafin a goge. Yau ta ce an kifar da gwamnati a wata ƙasa, gobe ta ce an ga jiragen Faransa a bayan Maigatari, jibi ta ce za a rufe iyaka da asuba. Masu goyon bayan soja na da tasu, masu adawa da soja na da tasu, kowane ɓangare na rantsuwa da Allah ɗaya. Kuma ba a banza take tafiya ba. Jita-jitar rufe iyaka ta ishi mai hatsi ya ƙara wa tiya kuɗi kafin azahar, ta ishi mai rago ya sayar da faɗuwa don tsoron komawa da shi. Wanda ya yi vokal ɗin ko sisi bai yi hasara ba. Malamanmu sun sha karanta mana ayar Suratul Hujurat da ta yi umurni a binciki labari kafin a yi aiki da shi, amma yatsa ya fi kunne sauri.

Mun kuma san abin da irin wannan ke jawowa tun kafin a ƙirƙiro WhatsApp. A 2003 aka baza cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, Kano ta dakatar da rigakafi har tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka iyakoki ta kai har Yaman da Indonesiya. Akwai waɗanda ke jan ƙafa yau saboda maganar da ba a san wanda ya fara ta ba. Kwanan baya, tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi kowace gunduma yawan masu ciwon. A irin wannan rana, in vokal ya shigo ya ce allurar guba ce, wa uwar yara za ta saurara? Baƙon da aka turo jiya, ko mutumin da ta sani tun yana yaro, wanda mai gari da liman suka tsaya tare da shi, wanda ya fara miƙa nasa ɗan a gabanta?

Nan ne rabin na biyu na hujjar masu boko ya rushe. In ƙarya ce abin tsoro, to zaɓen ƙaramar hukuma shi ne zaɓen da ƙarya ta fi kasa taɓawa. Ana iya ruɗa ni kan abin da ke faruwa a Mosko ko Faris ko fadar shugaban ƙasa, don ban taɓa zuwa ba. Ba mai iya ƙera bidiyon da zai sa in yarda an gyara famfon unguwarmu alhali matata ta dawo da jarka wayam. Ba shafin bogin da zai gaya wa mutumin Gushi halin ɗan takarar da suka yi kiwo tare. Gani ya kori ji. Manomin da ke riƙe lissafin naira da sefa a ka, yana canza su a tsaye cikin hayaniyar kasuwa ba a cuce shi ba, shi ne za a ce bai isa ya bambance mutum biyu na garinsu ba? Haba jama'a.

Maganin da hukuma ta zaɓa wa ƙarya kuwa, kulle baki ne. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. A Yunin 2024 an maido da ɗauri cikin dokar laifukan intanet: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da aka ce zai tayar da hankalin jama'a. A Mayun 2025 an kama ƴan jaridar gidan rediyon Sahara FM na Agadas. Dokar nan fa ba soja ya haife ta ba, tun 2019 aka yi ta, zamanin farar hula. Ƴar jarida Samira Sabu an kulle ta da ita a 2020 kan rubutun da ya shafi kuɗin makamai, sannan a ƙarshen Satumban 2023, ƙarƙashin sabbin masu mulki, aka sake ɗauke ta. Sanda ɗaya ce, hannu ne ya canza. To wa wannan sanda ke samu? Mai suna da adireshi da gidan rediyo, wanda in ya yi ƙarya ana iya kai shi kotu ko a tilasta masa gyara. Mai vokal da layin wata ƙasa ko a jikinsa. In mai suna ya yi shiru, filin ya zama na marar suna shi kaɗai.

Mu da ke bakin iyaka mun ɗanɗani wannan da kyau. Ranar 25 ga Disamban 2024 shugaban ƙasa ya yi hira da Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa Nijar. Abuja ta musanta. Magana ce babba, irin wadda in da akwai zaɓaɓɓiyar majalisa, wakilin Magarya ko na Dungas zai miƙe ya ce a nuna mana hujja ko a asirce ne, don mu ne ke da suruki a Babura da ƙanwa a Gumel. Da yake ba wurin tambaya, sai aka yi shari'ar a zaurukan WhatsApp, ɗan Jigawa da ɗan Damagaram masu kaka ɗaya suna zagin juna har tsakar dare.

Ga wani abu da ya kamata masu cewa zaɓe banza ne su tuna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda, ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. Kowa a nan ya san yadda magani da abinci suka yi tsada, da yadda aka kwana da tsoro. Wannan takunkumi zalunci ne kan talaka, ban da wata kalma da zan kira shi. Amma me ya taka wa yaƙin birki? Ranar 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta ƙi ba da goyon bayan amfani da ƙarfin soja, ta ce a bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya. Sun san jihohi bakwai ke iyaka da mu, sun san mutanen Jigawa da Katsina da Yobe ba za su yafe wa wanda ya sa hannu aka harbi ƴan uwansu ba, sun san kuma za su dawo neman ƙuri'a. Sarakuna da malamai sun yi nasu, Sarki Sanusi na Kano ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ta bi baya. Amma a cikin abin da ya kare mu har da tsoron akwatin zaɓe, na wata ƙasa ma, wadda zaɓenta ke da nasa tabon. Mun ci moriyar ƙuri'ar maƙwabci, muna zagin tamu.

Sai maganar ƴancin ƙasa, zancen ƙasa ne, kamar yadda ake faɗa a gangami. Sojan Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka a 2024, kuma ba zan ɓoye ba, da yawanmu mun ji sanyi a rai. To wa ya ce sai an ajiye ƙuri'a ake korar baƙon soja? A Senegal, Macky Sall ya ɗage zaɓe a Fabrairun 2024, kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye wanda kwana goma kafin nan yake kurkuku ya ci tun zagayen farko. A Yulin 2025 Faransa ta miƙa sansaninta na ƙarshe a Dakar. Ba a rusa majalisar ƙauye ko ɗaya ba.

Tarihinmu ma ya ishe mu. A Oktoban 2024 an cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa na Jibo Bakari, kuma ya cancanta. Amma wane ne Jibo Bakari? Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, a 1956. Daga kujerar magajin gari ya taso. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 shi da Sawaba suka ce a'a ga Faransa, sai Faransa ta turo gwamna Colombani ya murɗe al'amura, aka ce i ta yi rinjaye, shekara ta zagayo aka haramta Sawaba. Dattawan Damagaram da Magarya sun san wannan labari fiye da ni, don yankin nan ya sha wuyarsa. Wanda ya fara jin tsoron ƙuri'ar talakan Nijar, ya ce bai waye ba, ana ruɗa shi daga waje, Bature ne mai mulkin mallaka. Bai kamata a ji irin wannan magana a bakin mai kiran sunan Jibo ba.

Abin da nake nema ba ya bukatar a jira wata 60. A sa rana ta zaɓen ƙananan hukumomi a duk inda tsaro ya samu, a faɗe ta a rediyo kowa ya ji, inda bai samu ba a bar kantoma har ya samu. Tunda an soke jam'iyyu, to madalla, a bar kowa ya tsaya da sunansa da na ubansa, ba tuta ba tambari, mu ga wanda garinsu zai bi. A ƙirga ƙuri'a a rumfar da aka jefa ta, gaban jama'a, a manna sakamakon a ƙofar aji kafin akwati ya hau mota, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa. Waɗanda aka naɗa a majalisar shawara ta sake gina ƙasa da sunan yankinmu, su kai wannan magana Yamai, su dawo su tara mu su faɗa mana amsar da aka ba su.

Kafin nan kuma akwai abin da kantomomi ke iya yi tun wannan mako ba tare da izinin kowa ba. Kundin Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a karanta mana kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da Hausa, a rediyon gari da kuma ranar kasuwa: nawa aka tara na lanho bana, nawa tikitin kasuwa da turken dabbobi suka kawo, nawa aka kashe, a kan me, wane ɗan kwangila aka ba, ajin da aka ce an gina a wane ƙauye yake. A manna takardar a bangon ofis inda mai wucewa zai gani, a bar ta har wata ya ƙare.